Kafin Waya Akwai "Wai": Waiwaye Kan Jita-jitar Allurar Rigakafi a Ƙasar Hausa

Makalarmu ta wannan mako ta tarihi ce, kuma tarihin bai yi nisa da ƙofar gidan kowannenmu ba.

Duk inda aka zauna yanzu kuka ake da waya. Ma'aikatan lafiya suna cewa sai su wuni suna yi wa iyaye bayanin allurar rigakafi, da daddare wani saƙon murya na minti uku, wanda ba a san mai shi ba, ya rushe musu aikin. Malaman makaranta suna cewa da an hangi motar asibiti a bakin ƙofa, iyaye sun fara zuwa kwashe 'ya'yansu. Mu kanmu mun san irin saƙon da ke faɗowa zauren dangi na WhatsApp, mai ƙarewa da roƙon don Allah a tura wa kowa.

Kukan yana kan hanya. Amma ga wani ɗan lissafi da ya kamata mu riƙe. An kafa Facebook a watan Fabrairun 2004, WhatsApp kuma a 2009. Jihar Kano kuwa tun a 2003 ta dakatar da rigakafin shan inna, lokacin da wayar salula ba ta wuce shekara biyu da shigowa Najeriya ba, layi ma sai mai hali. Ke nan jita-jitar da ta fi kowace tsada a tarihin lafiyarmu ta yi tafiyarta babu data, babu caji. In muna son sanin abin da waya ta ƙara, dole mu fara da abin da ta tarar.

ZAMANIN AGANA DA LAMBA

Cikinmu da wuya a samu wanda ya taɓa ganin mai agana. Kakanninmu sun gani. Cuta ce mai fesowa da ƙuraje tun daga fuska har tafin ƙafa. Mai tsananinta takan kashe kusan uku cikin mutum goma da ta kama. Wanda ya tsira ta bar masa zanzana a fuska, wani ta tafi da idonsa.

Dabarar kare kai daga agana ta daɗe a Afirka ta Yamma tun kafin zuwan Turawa. Akan ɗebi ɗan ruwan ƙurjin mai cutar, a tsaga fatar mai lafiya a shafa, ya yi ciwon sama-sama ya warke, daga nan ba ta ƙara kama shi. Bauta ce ta ƙetarar da wannan ilimi zuwa Amurka. Wani bawa ɗan Afirka da aka laƙaba wa suna Onesimus shi ya bayyana shi ga ubangidansa, wani limamin coci a birnin Boston mai suna Cotton Mather. Da annoba ta auka wa birnin a 1721 aka gwada. Cikin waɗanda agana ta kama haka siddan, kusan 14 cikin 100 suka mutu. Cikin waɗanda aka yi wa tsagar, waɗanda suka mutu ba su kai 3 cikin 100 ba. Duk da haka mutanen garin suka tayar da ƙayar baya, har aka jefa bam ta tagar gidan limamin. A Ingila ma, bayan likita Edward Jenner ya fito da rigakafi daga ƙurjin shanu a 1796, an yi ta yaɗa zanen barkwanci da ke nuna kawunan shanu na tsirowa a jikin waɗanda aka yi wa. Saboda haka kada wani ya ce mana tsoron rigakafi ciwon Bahaushe ne. Duk inda aka ce a taɓa jikin mai lafiya don gudun ciwon da bai zo ba, sai an yi gardama.

A ƙasarmu rigakafin Turawa ya shigo da sunan lamba, kuma ya shigo da matsala biyu. Ta farko, hukumar da ke ƙirga kawuna don haraji da ƙirga shanu don jangali, ita ce ta turo masu lamba, da doka a bayansu. Dattawa da dama suna tuna yadda ake ɓoye yara in an ji sun shigo gari. Ta biyu, ruwan maganin na wancan lokaci ba ya jure zafin ƙasarmu. Sau da yawa kafin ya isa ƙauye ya lalace, a yi wa mutum lamba, daga baya agana ta kama shi. Wanda ya ce abin ba ya aiki, wani lokacin abin da idonsa ya gani ya faɗa.

A 1967 aka ƙaddamar da babban gangami a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da busasshen magani mai jure zafi da wata na'urar allura da ake taka ta da ƙafa. Zuwa 1970 agana ta ƙare a Najeriya. Mutum na ƙarshe da ta kama ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a ɗan Somaliya ne, a 1977, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa an kawar da ita daga doron ƙasa. Jama'a sun miƙa dantse saboda sun san cutar ido da ido, sun kuma ga tafiyarta. Gani ya kori ji.

A nan akwai wani abin mamaki game da rigakafi: in ya yi nasara, shi da kansa yake share shaidarsa. Jikan da bai taɓa ganin agana ba, allurar kawai yake gani.

KANO, 1996

A bazarar 1996 annobar sanƙarau mafi muni da aka taɓa rubutawa a Afirka ta auka wa yankinmu. A Najeriya kaɗai mutum sama da 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu, akasari a Arewa. Asibitin Zana na Kano ya cika ya batse, ga ƙyanda ga kwalara a lokaci guda. Likitocin agaji na ƙungiyar MSF suna can suna ba da magani. Ana cikin haka tawagar kamfanin Pfizer na Amurka ta sauka da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda hukumomi ba su riga sun amince da shi ba. Aka ɗebi yara 200 aka raba su biyu. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani sanannen maganin sanƙarau, amma ƙasa da adadin da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, biyar daga rukunin Trovan, shida daga ɗaya rukunin. Wasu suka tashi da kurumta, wasu da makanta, wasu da shanyewar jiki. Bayan 'yan makonni tawagar ta tattara ta tafi, annoba na ci gaba da ci.

Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe yaran ta kuma nakasa sauran, domin sanƙarau yakan yi haka, ya kuma ce an nemi izinin iyaye da baki. Iyayen suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi. A Disambar 2000 jaridar Washington Post ta tono maganar. Daga baya ta bayyana cewa takardar izinin kwamitin asibiti da aka nuna, bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka mayar da kwanan wata baya. Kwamitin binciken da Gwamnatin Tarayya ta kafa ya ce gwajin ya saɓa doka. A 2007 gwamnatin Kano ta shigar da ƙara. A 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Iyalai huɗu na farko ba su karɓi diyya ba sai a 2011, shekara 15 bayan faruwar abin.

Mu riƙe wannan da kyau: Trovan ba rigakafi ba ne. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da ake ba wanda ya riga ya kwanta. Sai dai uwar da ta goyo ɗanta zuwa asibiti a wancan zafi ba ta da lokacin wannan rabe-rabe. Abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne baƙi sun zo da magani kyauta, kuma ba su faɗi dukkan gaskiya ba. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

SHEKARAR DA AKA RUFE ƘOFA

Sunan shan inna ma labari ne. Mutanen da sun ɗauka Inna, iskar nan da 'yan bori suka sani, ita ke shanye ƙafar yaro. Ƙwayar cutar kuwa ta baki take shiga, cikin ruwa ko abincin da bahaya ya gurɓata. Takan hayayyafa a hanji, wani lokaci ta kai ga laka ta kashe jijiyoyin da ke motsa ƙafa. Cikin yara kusan 200 da ta shiga jikinsu, ɗaya ne ke shanyewa. Sauran suna yawo da ita suna yaɗawa ba wanda ya sani. Dalilin da ya sa ke nan ake son a ɗiga wa kowane yaro, a kuma yi ta maimaitawa. Wannan bayani bai isa kunnen yawancin iyaye ba. Abin da suka gani shi ne 'yan mata da akwatin ƙanƙara suna sallama a ƙofa, wata bayan wata.

Lokacin da duniya ta ɗaura aniyar kawar da shan inna a 1988, yana nakasa yara kusan 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. Zuwa 2003 ya rage ƙasashe shida da bai taɓa yankewa a cikinsu ba: Najeriya, Nijar, Masar, Indiya, Pakistan da Afganistan. A tsakiyar wannan shekara Majalisar Ƙoli ta Harkokin Shari'ar Musulunci a Najeriya, ƙarƙashin Dokta Ibrahim Datti Ahmad, wanda shi kansa likita ne, ta nemi a dakatar da ɗigon, bisa zargin an gauraya shi da maganin hana haihuwa da ƙwayar ƙanjamau. Jihohin Kano, Zamfara da Kaduna suka dakatar. Biyun suka dawo bayan 'yan watanni. Kano ta kai kusan wata 11.

Mu marubuta ya kamata mu dubi wannan zargi yadda muke duban ginin labari. Me ya sa ya shiga? Saboda an ɗora shi a kan tubala na gaskiya. Maganar Trovan na nan ɗanya. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta fito da manufar taƙaita haihuwa a kan 'ya'ya huɗu ga kowace mace, ba a kuma manta ba. A watan Maris na 2003 Amurka ta mamaye Iraƙi, mutane suna jin labarin a rediyo safe da yamma. Sannan ga tambayar da kowane magidanci ke yi, wadda ta fi duka ƙarfi: a asibiti ko maganin zazzaɓi sai na saya, ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro suna kashe mana yara, to me ya sa wannan ɗigon kaɗai ake biyo ni da shi har gida kyauta?

Tubala huɗu na gaskiya, sai aka ɗora na biyar na ƙarya a kai, ginin ya tsaya cak. Labarin ya bi ta huɗuba, ta kaset, ta rediyo, ta majalisar bakin titi, ta gidan suna da gidan biki. Aka shiga gwaje-gwaje, kowane ɓangare da sakamakonsa. Masu zargi suka ce an ga burbushin wani sinadari na jikin mata a ciki, masana suka ce ko da akwai shi, adadin ya yi ƙanƙantar da ba zai yi wa jiki komai ba.

Ana wannan ja-in-ja ƙwayar cutar ba ta jira kowa ba. A 2002 yara 202 aka tabbatar ta nakasa a Najeriya. A 2006 sun haura 1,100. Daga nan ta bi matafiya ta sake ɓulla a ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, ta ratsa Chadi da Sudan, ta ƙetare Bahar Maliya. A 2005 ta nakasa sama da mutum 400 a Yaman, sama da 300 a Indunisiya, ƙasar da ta yi shekara goma ba ta ga ko ɗaya ba. Har ta kai hukumomin Saudiyya suna ɗiga wa alhazanmu rigakafin shan inna in sun sauka.

Shi kuwa zargin hana haihuwa, lokaci ya yanke masa hukunci. Yaran da aka ɗiga wa a 2004 yau su ne iyaye. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matan Arewa maso Yamma suna haihuwar 'ya'ya sama da shida a matsakaici, fiye da kowane yanki na Najeriya. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Sai dai kafin furen ya kaɗe, wasu sun rasa ƙafafunsu har abada, muna kuma ganinsu a kan kekunan guragu a titunanmu.

YADDA AKA SAKE BUƊE TA

Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta amince a ci gaba a ƙarshen Yulin 2004, da ɗigon da kamfanin Bio Farma na Indunisiya ya haɗa, ƙasar Musulmi da jama'a suka fi natsuwa da ita. A watan Oktoba gwamnan ya miƙa ƙaramar 'yarsa a bainar jama'a, Shugaba Obasanjo ya ɗiga mata. Daga 2006 aka fara amsa tambayar magidanci a aikace: masu ɗigo suka riƙa zuwa da gidan sauro, da maganin tsutsar ciki, da sinadarin bitamin A, da rigakafin wasu cututtukan. A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamiti ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aikin ya sauko ta hakimi da dagaci har mai unguwa. Aka ɗauki mata 'yan unguwa, waɗanda aka san iyayensu da mazajensu, suna shiga gida-gida. Waɗanda cutar ta nakasa suka shiga gangamin da kansu, suna zuwa ƙofar mai taurin kai su ce ya dube su.

Hanyar ba ta miƙe sumul ba. A 2011 aka gano cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da wani gangamin rigakafi na bogi a Pakistan wajen farautar Usama bin Ladan, masu zargi suka samu sabon tubali. Ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe aƙalla ma'aikatan rigakafi tara a wurare biyu cikin birnin Kano, akasarinsu mata masu neman abin sawa a baka. Duk da haka aikin bai tsaya ba. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta nakasa a Kano an same shi a Sumaila a Yulin 2014, na ƙarshe a Najeriya kuma a Borno a 2016. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka sanar da cewa Afirka ta rabu da ita.

To me ya sa har yanzu ake ɗigon? Amsar tana da ɗan ɗaci, gara kuma mu san ta kafin mai jita-jita ya riga mu faɗa. Ɗigon baki yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana. A inda yara da yawa ba su karɓa ba, wannan raunanniyar takan daɗe tana yawo daga yaro zuwa yaro har ta sake yin ƙarfi ta nakasa wanda ba shi da kariya. Inda kusan kowa ya karɓa, ba ta samun wurin yawo. Ƙin karɓar ne ke ba ta hanya.

Abin da wannan zango ya koya mana shi ne jita-jitar ba ta mutu da takardar sanarwa ba. Fuska ce ta kashe ta: wanda aka sani, aka san gidansu, ya sa nasa ɗan a gaba.

ABIN DA WAYA TA ƘARA

A daren 7 zuwa safiyar 8 ga Agustan 2014, lokacin da Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya karaɗe Najeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha kafin gari ya waye. Aka riƙa tashin 'yan uwa daga barci da kiran waya. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu da dama aka kwantar da su a asibiti. Ita Ebolar mutum takwas ta kashe a duk ƙasar, ba ta ma iso Arewa ba. Abin da ya ɗauki watanni a 2003, dare ɗaya ya ishe shi a 2014.

Sauri shi ne abu na farko. Na biyu ya fi shafar mu masu harkar harshe. Hausa tana da wata ƙaramar kalma mai babban aiki: "wai". In Bahaushe ya ce "wai an ce ɗigon nan yana hana haihuwa", ya riga ya sanar da kai cewa bai gani ba, ji ya yi. Kana kallon fuskarsa, kana iya cewa: wa ya gaya maka? Duk bakin da labarin ya ratsa sai ya ƙara masa "wai" guda, har mai hankali ya ji labarin ya yi nisa da tushensa. Kalmar jita-jita kanta abin da take faɗa ke nan: ji ta, ji ta.

Saƙon murya ya kashe wannan "wai". Mutum ɗaya zai naɗi muryarsa yana cewa shi da idonsa ya gani. A tura sau dubu, na dubun ma zai ji "da idona na gani", da rantsuwar da rawar muryar, kamar a kunnensa aka fara faɗa. Babu suna, babu gari, babu kwanan wata, babu wanda za a tambaya. Wanda ya turo maka kuma yayarka ce ko kawunka, sai amanar da ke tsakaninku ta lulluɓe muryar baƙon da ba ku sani ba. Ga shi ba ya buƙatar iya karatu. Su kansu masu WhatsApp sun ga ɓarnar: a 2019 suka taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 suka mayar da wanda ya sha yawo zuwa wuri ɗaya. A Facebook da TikTok kuwa na'ura ce ke zaɓar abin da za a gani, kuma abin da ya fi tayar da hankali shi ya fi jan kallo, kallo kuma ya zama kuɗi.

Da korona ta zo a 2020 sai tsofaffin labarai suka dawo da sabbin riguna. Aka ɗora laifi a kan turakun 5G, aka ce allurar za ta hana haihuwa. Gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello, ya fito fili ya soki allurar yana kafa hujja da abin da ya faru a Kano a 1996. Da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa a Oktoban 2023, zargin da aka yi a 2003 shi aka sake ɗaukowa, kusan kalma da kalma.

Cuta kuma tana nan tana jiran gurbi. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, ciwon da ke toshe maƙogwaron yaro, wanda rigakafinsa ya haura shekara 90 a duniya. Kano ce ta ɗauki kaso mafi girma, kuma yawancin waɗanda suka kamu yara ne da ba su samu cikakken rigakafi ba. Najeriya na da yara sama da miliyan 2 da ba a taɓa yi musu allurar farko ba. Ba dukansu ne jita-jita ta hana ba. Akwai nisan asibiti, akwai rashin tsaro, akwai uwar da ta je sau biyu aka ce babu magani ta haƙura. Amma jita-jita tana samun waɗannan ƙofofi a buɗe ta shige.

RABONMU A CIKI

Aikin jarida da Hausar boko ma ya daɗe yana yaƙi da jita-jita. Ɗaya daga cikin dalilan kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a Janairun 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, shi ne kashe raɗe-raɗin da ke yawo gab da Yaƙin Duniya na Biyu. An gane tun lokacin cewa maganar da ta shiga da Hausa, da Hausa ake fitar da ita. Yau sau da yawa bayanin hukuma da Turanci yake fitowa, in an fassara kuma a fassara shi da Hausar da ba a yi a gidan kowa. Mai jita-jita kuwa da Hausar tsakar gida yake magana, da karin magana da rantsuwa da jan hankali. Ya fi mai gaskiya iya ba da labari, kuma wannan fagenmu ne.

Na farko, mu faɗi tarihin cikakke. Wanda ya rubuta kan rigakafi ya tsallake 1996, masu karatu za su gane ya ɓoye wani abu, su ajiye sauran maganarsa. Wanda ya faɗi 1996 ya tsallake yaran da suka shanye daga 2003, shi ma rabin gaskiya ya faɗa. A kawo duka biyun, a kuma bambance magani da rigakafi, a bambance abin da aka tabbatar da abin da aka zarga.

Na biyu, mu dawo da "wai" mazauninta. Duk abin da za mu rubuta a matsayin gaskiya, mu iya amsa tambaya uku a kansa: wa ya faɗa, a ina, yaushe? In babu amsa, ko dai mu sa masa "wai" ɗinsa, ko mu bar shi. Haka saƙon da ya faɗo mana a waya. Yatsan da zai danna turawa alƙalami ne shi ma.

Na uku, kada mu yi wa iyaye ba'a. Mahaifin da ya hana a ɗiga wa 'yarsa, son 'yar ne ya sa, kuma tarihin da muka bi ya nuna tsoronsa yana da asali. In mun sa shi a ƙagaggen labari, mu ba shi hujjarsa da ƙarfinta, mu ba ma'aikaciyar da ke tsaye a ƙofarsa tata rayuwar, ita ma uwa ce mai jiran alawus ɗin da bai fito ba. Labarin da ya mayar da ɓangare guda wawa, babu wanda zai sauya wa ra'ayi.

Kada mu raina inda rubutunmu ke kaiwa. Tun daga littattafan da suka cika kasuwar Kano a shekarun 1980 har zuwa waɗanda ake bi shafi-shafi a waya yau, manyan masu karatunmu matan aure ne da 'yan mata, wato su ne masu goyon da za a kai asibiti ko a ɓoye a ɗaki. Muna shiga ɗakunan da likita ba ya shiga. Abin da muka sa a bakin jarumar labari, wata za ta tuna shi ranar da aka yi sallama a ƙofarta da akwatin ƙanƙara.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare alƙalumanmu daga yaɗa abin da ba mu tabbatar ba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.